Ranar da Tafinta Ta Rage Magana

Kwana uku ke nan Inna tana cikin farin ciki, kwana uku kuma Auta ba ta ci abincin kirki ba.

Da safiyar nan ma haka. Inna na zaune a falon Yaya, wan Auta, ta miƙe ƙafafu kan ƙaramar kujera, baƙin tabaran da likita ya ba ta bayan aikin ido ya cinye rabin fuskarta. Da Goggo take waya a can gida. Inna kuwa ba ta taɓa yarda waya za ta iya kai murya ita kaɗai ba, sai an taimaka mata da ƙarfi, don haka duk mai kunne a benen nan ya ji labarin. Cewa take yaron mai ladabi ne, dogo har sai ya sunkuya a bakin ƙofa, kuma ya yi alkawari da bakinsa: shekara biyu kacal bayan aure zai tattara ya dawo da Auta gida, a can za su haifi 'ya'yansu.

Auta na kicin, tana wanke kofin da ta riga ta wanke sau biyu. Yaron, wato Dogo, bai yi wannan alkawari ba. Ita ta yi shi a madadinsa.

Shekara shida ke nan da zuwanta ƙasar nan. Karatu ya kawo ta, aiki ya riƙe ta. Tafinta ce a wani babban asibiti, ita ake kira duk sa'ad da mutumin wajensu ya zo gaban likita harshe ya gagara. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. In mara lafiya ya ce "cikina ke ciwo", ita ma "cikina ke ciwo" za ta ce, kamar nata ne. In likita ya ce babu magani, haka za ta faɗa, ba ta sa masa zuma. Da wannan aka san ta, har likitoci ke tambayar ko tana nan kafin su sa ranar ganin wani.

A asibitin ta haɗu da Dogo, mai gyaran injinansu. Mahaifinsa mutumin wajensu ne, ya zo tun da jimawa, ya auri 'yar ƙasar, ya rasu Dogo na ɗan shekara takwas. Ya bar masa tsayi da kala, amma bai bar masa harshe ba. Duk Hausar Dogo ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, su ma sai ya yi musu shiri.

Da Inna ta zo aikin ido, Auta ta yi ta lallashi har ta yarda ya zo gaisuwa. Yaya ya ce ba da shi ba. Shi fa yana da ɗan takararsa, abokinsa Mai Kemis, wanda ya shekara biyu yana jiran Auta ta dube shi. Ya ɗauki makullin mota ya fice. Aka bar su su uku a falo, biyu ba sa jin juna, ta ukun tana son su duka.

Bayan gaisuwa Inna ta gyara zama ta ce, "Ki gaya masa ni ba ƙinsa nake ba. Amma ba zan sake ba ƙasar nan ɗa ba. Na ba ta yayanki. Ga jikokina nan biyu, sati uku ina gidan nan, in na yi musu magana sai su yi murmushi su kalli ubansu. Ba zan ba shi ke ba."

Auta ta juya. Dogo na zaune a bakin kujera, hannayensa kan gwiwa, ya sa sabuwar rigar da ko karin ninkinta bai baje ba. Yana kallonta kamar mai jiran sakamakon gwaji.

Sai ta ji bakinta na cewa Inna na yi masa maraba, ta ji labarinsa mai kyau, ta ɗauke shi ɗa.

Fuskarsa ta washe. Ya ce zai riƙe Auta amana. A nan za su zauna, don mahaifiyarsa ba ta iya tafiya kuma ba ta da kowa sai shi, amma duk shekara za su je gida. Auta ta juya wajen Inna, kuma wanda ya riga ya zame da ƙafa ɗaya ɗayar ba ta da wuyar bi. Ta ce shekara biyu, sannan gida gaba ɗaya.

Aka rabu ana ta murmushi. Inna har da sa masa albarka.

*

Auta na kan wanke kofin nan Yaya ya shigo kicin da kofin shayi, ya tura ƙofa da ƙafa ta rufu. Ya tsaya yana juya cokali, abin da Auta ta sani tun suna yara cewa ba alheri ba ne.

"Auta, wane Dogon ne zai koma gida? Wanda nake gani duk Lahadi yana tura uwarsa a keken guragu?"

Ta ci gaba da wanki, ruwan famfo na zuba a hannunta.

"Juyo ki dube ni. Ke kika ce, ko shi ya ce?"

"Ni ce, Yaya."

Ya ajiye kofin a hankali. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi. Sai ya rage murya, ya ce tsohuwar nan ta taso tun daga gida ba ta jin ko kalma ɗaya ta mutanen nan, ko ruwa za ta saya sai an yi mata baki, shi ne ita da aka yarda da ita za ta yi mata haka. Ya sake kawo zancen Mai Kemis: mutum ne ɗan gida, ya gama gina shagonsa, ƙarshen shekara zai koma, ga hankali ga abin yi. 'Ya'yanta za su tashi a tsakar gidan da ta tashi, su yi wa Inna ƙiriniya da harshen da take ji. Me take nema da ya wuce wannan?

Hawaye suka zubo mata, da su kuma ɗan tsiwar da ba ta taɓa yi masa ba.

"Kai fa 'yar gida ka aura, Yaya. Ku biyu duk kuna ji. Ina Hausar 'ya'yanka?"

Tana faɗa ta yi nadama. Yaya ya kalli ƙasa. Shi da matarsa fita suke tun duku-duku su dawo a gajiye, yaran suka tashi a hannun makaranta, aka yi ta cewa za a koya musu in sun ƙara girma, har suka girma.

"Shi ya sa," ya ce. "Na san abin da nake gani a idon Inna kullum. Ba na so ke ma ki gani." Ya ɗauki kofinsa. "Na ba ki zuwa Lahadi. In ba ki gaya mata ba, ni zan gaya mata."

*

Ɗakin gyara yana can ƙasan asibitin, bayan inda ake wankin zannuwan gado, ba taga sai doguwar fitila. Lokacin hutun rana ta sauka. Ta tarar da Dogo ya buɗe cikin wani injin awon numfashi, ya jera ƙananan kusoshi a murfin kwalba don kada su ɓata. Da harshen ƙasar suke magana, shi ne kaɗai suka haɗa.

Yana ganinta ya miƙe, bakinsa har kunne. Bai bari ta zauna ba ya fara ba ta labari. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ta yi kuka, sannan ta tambayi irin kayan da ya kamata ta sa in za ta gaida surukarta. Jiya kuma ya je ya ga wani gida a ƙasan bene, ba matakala, ɗaki uku. Ɗaya nasu, ɗaya na mahaifiyarsa. Na ukun ƙarami ne, amma rana na shiga da safe. Da ya zo nan sai ya kama sosa ƙeya, ya ce na ukun dai na wanda Allah zai kawo ne.

Nan Auta ta kasa daurewa. Ta zauna kan akwatin kayan aiki, ta rufe fuska da mayafi, ta fashe da kuka.

Ta gaya masa duka. Ba ta nemi hanya mai laushi ba, don ba ta da sauran ƙarfin nema. Ya tambaye ta ainihin abin da Inna ta ce, ta maimaita masa kalma bayan kalma, har da "ba zan ba shi ke ba".

Ya ajiye sukudireban hannunsa kusa da kusoshin. Ya ja kujera ya zauna nesa kaɗan da ita.

"Ashe ba ni ta karɓa ba," ya ce. "Wani mutum ta karɓa da kika ƙera mata, mai tsayina."

"Tsoro na ji, Dogo. Na dube ka na ga yadda kake jira, na dube ta na ga ta riga ta gama magana. Na ce in na bar ku kuka ji juna, yau na rasa ɗaya."

"Sai kika hana mu jin juna."

Ya buɗe durowa ya lalubo, bai sami komai ba sai tsumman da yake goge gilashin injina da shi. Ya duba gaba da baya ya ga mai tsabta ne, ya miƙa mata. A wani lokacin da ta yi dariya.

"Kin san ranar da na fara sonki? Ina gyaran gado a ɗaki na huɗu, likita ya ce da wani dattijo za a yanke masa ƙafa. Na ga abin ya yi miki nauyi, amma kin gaya masa. Ban ji harshen ba, na dai ga fuskarsa, na san ba ki rage komai ba. Na ce a raina, wannan ko me ya faru ba za ta ɓoye mini gaskiya ba."

Maganar ta shige ta fiye da duk abin da Yaya ya faɗa. Ta ce ya yafe mata, ta sake cewa. Ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ce ya yafe, tun kafin ta roƙa ma, amma yana da buƙata ɗaya. Ta sake kai shi gaban Inna. Wannan karon kuma ba a matsayin 'ya za ta zauna ba, ba kuma a matsayin wadda yake so ba. Ta yi musu aiki irin wanda take yi wa kowa a sama.

"Za ta ƙi ka," in ji Auta.

"To ta ƙi ni da kaina. Ya fi mini ta karɓi wani da sunana."

*

Ranar Lahadi bayan la'asar ya zo. Bai sa sabuwar riga ba, tsohuwar shuɗiyar da ta saba ganinsa da ita ya sa. Matar Yaya ta kwashe yara suka fita. Yaya kuwa yau bai taɓa makullin mota ba, ya tsaya jikin ƙofa ya harɗe hannu, shaida ke nan wanda ba a gayyata ba.

Auta ta durƙusa gaban Inna. Ta faɗi abin da ta yi da Hausa, sannan ta maimaita da harshen ƙasar, don kada wani a ɗakin ya sake zama a duhu ta dalilinta.

Inna ba ta motsa ba. Can ta sa hannu ta zare tabaran, ta ɗora a cinya. Idon da aka yi wa aiki har yanzu da ja a gefensa.

"Na zo ƙasar da ba ni da kunne ba ni da baki," ta ce. "Ke ce kunnena, ke ce bakina. Auta, ko makaho aka ba ki ja ai kya gaya masa inda rami yake."

"Ki yafe mini, Inna."

"Na gaya wa Goggonki. Kin san kuwa in Goggonki ta ji, gari ya ji." Ta ja numfashi. "Tashi. Maganar yafiya tsakanina da ke ce, ba a gaban baƙo ba. Tashi ki yi aikinki in gani, tunda an ce kin iya."

Auta ta share fuska. Ta ja kujera ta ajiye inda take ajiyewa a asibiti, tsakaninsu amma baya kaɗan, yadda za su kalli juna ba ita ba. Ta haɗa hannuwa a cinya, ta kafa ido a kan kafet.

Inna ta fara, kuma ba ta tausaya ba. Auta ta bi ta jimla bayan jimla, da "ni" irin na aiki. Ta ji kanta tana gaya wa mutumin da take so, da muryarta, cewa ba na so in ba ka 'yata. Na haifi biyar, biyu suna nan ƙasar, tsufa ya zo mini, ba na so in mutu jikokina suna kallona kamar hoton bango.

Dogo ya amsa, ta juyo da shi. Ta gaya wa mahaifiyarta, da "ni" ɗin dai, cewa ba zan iya barin mahaifiyata ba, ba bayan shekara biyu ba, ba bayan goma ba, muddin tana raye. Ba zan yi miki alkawarin da ba zan cika ba. Ina son 'yarki. Wannan ma ta faɗa yadda yake.

Inna ta karkata kai tana dubansa da idonta mai kyau.

"To ka dubi kanka, yaro. Ubanka namu ne. Kai fa? Ga kamanni nan, ko a kasuwa na gan ka sai in yi maka magana, amma ciki babu kowa namu. Abin da nake gudu ke nan, kai ne shi a zaune."

Yaya ya motsa a bakin ƙofa. Auta ta ji kamar ta roƙi a bar wannan ɗaya. Ta rufe ido ta faɗa masa, ba ta canza ko kalma ba.

Dogo ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce gaskiya ne, kuma babu wanda ya fi shi sanin haka. Sai ya fara wani labari da Auta ba ta taɓa ji ba, tana jinsa a karon farko tana fassarawa.

Sau ɗaya mahaifinsa ya kai shi gida, yana ɗan shekara shida. Abin da ya riƙe shi ne wata tsohuwa siririya da ta ɗora shi a cinya tun safe, tana ta magana tana dariya, shi kuwa yana ta neman hanyar sauka. Kakarsa ce. Bayan rasuwar mahaifinsa wani matafiyi ya kawo musu kaset daga wurinta. Mahaifiyarsa ba ta ji, shi ma ba ya ji. Suka saurara sau ɗaya, suka ajiye. Ita kuma tsohuwar ba ta ƙara shekara ba. Da ya girma ya juye muryar a wayarsa, yakan kunna in yana aiki shi kaɗai, har ya haddace inda take tari da inda take dariya. Shekara ashirin da huɗu ke nan, bai san me ta ce ba.

Inna ta tambaya, yana tare da tafinta guda, me ya hana shi ba ta ta ji?

Ya ce tsoro. Ɗanta ya mutu a ƙasar wasu, an binne shi ba ta gani ba, jikanta bai san ko sunan garinsu da kyau ba. Me tsohuwa za ta ce in ba zargi ba? Yana gudun ya ji ta la'anci mahaifiyarsa. Gara ya riƙe muryar haka nan, ba ma'ana, da ya ji abin da zai raba masa zuciya biyu.

Inna ta miƙa hannu ta nuna wayar da ke aljihunsa.

"Kunna."

Wannan bai buƙaci tafinta ba. Ya ciro, ya danna ya ɗora a kan tebur.

Da farko shuuu kawai ake ji, da kukan akuya can nesa. Sai tari. Sai wata tsohuwar murya ta tambayi wani ko abin ya fara ɗauka, aka ce mata eh.

"To. Maigidan, kai ne ka tafi ko sallama babu? Haka ake yi wa mata? To na fasa auren, na sami wani." Ta yi dariya har ta sarƙe.

Dariya ta kuɓuce wa Inna, ta toshe baki da gefen mayafi. Auta ta fassara, ta ƙara masa da cewa wasan kaka da jika ne, haka ake yi. Ya zuba wa wayar ido kamar yau ya fara ganinta.

"An ce mini ubanka ya rasu. Na yi haƙuri, kai ma ka yi. Ka gaida uwarka. An ce ita ta yi jinyarsa har ƙarshe, ba ta gaji ba. Ka ce mata na gode, ban da abin biyanta. Ka riƙe ta, ka ji? Kada ka bar ta ita kaɗai. Takalminka ƙafa ɗaya da ka manta yana nan, na ajiye a cikin kwalla."

Auta ta ci gaba da fassarawa. Dogo ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

"Na san ba ka jin abin da nake faɗa. Ba komai. Ni dai na faɗa. Wata rana Allah zai haɗa ka da wanda zai gaya maka."

Sai shuuu ɗin ya dawo, sannan ya yanke.

Da ƙyar Auta ta kai ƙarshen jimlar. Yaya ya juya musu baya, yana kallon ƙofa kamar an rubuta wani abu a jikinta. Inna kuwa hawaye na bin kuncinta, har ta idon da likita ya ce kada ta bari ya sha wahala, ba ta kuma share ba.

"Allah sarki, baiwar Allah," ta ce a hankali. "Saƙonki ya iso."

Ta daɗe tana kallon mutumin da ke kuka a gabanta. Sannan ta kira Yaya, ta tambaye shi ko abin nan yana ɗaukar magana kamar yadda yake fitarwa. Ya ce yana yi. Ta ce ya sa ya ɗauka. Yaya ya karɓi wayar daga tebur, ya danna, ya riƙe mata kusa da baki.

Kafin ta fara ta ɗaga yatsa wajen Auta.

"Wannan ba za ki fassara ba. Ba yau ba, ba gobe ba, ko ya roƙe ki da kuka. Kai ma haka," ta ce da Yaya. "In yana son jin amsata, ya koya ya ji da kunnensa. Iyakar abin da za ki gaya masa ke nan."

Auta ta gaya masa. Ya ɗago jajayen idanu, ya gyaɗa kai.

Inna ta gyara murya. Ba ta kalli wayar ba, shi ta kalla.

"Ɗana. Kakarka ta ce ka riƙe uwarka, ni ba zan ce ka sake ta ba. Wanda ya riƙe tasa zai riƙe tawa 'yar. Na ba ka Auta. Tana da tsoro, in ta ji tsoro takan yi wauta, ka yi haƙuri da ita. Abu ɗaya na roƙe ka. Duk abin da Allah ya ba ku, ka kawo mini shi ina da rai, ya zauna a cinyata, ya ji ni in ji shi. Kada ka bari su san ni a kaset."

Ta yi wa Yaya alama ya kashe. Ya kashe, ya miƙa wa Dogo wayar da hannu biyu, abin da bai taɓa yi masa ba, ya fita da sauri ba tare da ya dubi kowa ba.

Dogo ya riƙe wayar a ƙirji. Ya juyo wajen Auta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Me ta ce?"

"An hana ni."

"Ko eh ne ko a'a? Wannan kaɗai."

Ta girgiza kai. Shekara huɗu tana koyon yadda ake ɗaure fuska a gaban mara lafiya, kada ya karanci labari kafin likita ya faɗa, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Ta tattaro duk abin da ta iya. Ta cije leɓe, ta kalli kafet, ta kalli labule.

Inna ta mayar da tabaranta, ta ce da ita cikin faɗa ta rufe fuskar nan, ai wannan ma fassara ce.

Auta ta ja mayafi ta rufe, amma ta makara. Dogo ya riga ya gani.